Rautar da Ta Ƙi Bin Sabuwar Hanya

Tun da na dawo daga Kafanchan 'yan ɗakinmu ba su bar ni na huta ba. Wannan ta ce me na ci, waccan ta ce a ina na kwana, wata kuma wai ta ji an ce na hau ƙarfen sabis. Ban hau ba. Ni kuwa kun san ni, in mutum uku suka zuba mini ido sai maganar ta maƙale a wuya. Shi ya sa na ce bari in rubuta, kowa ta karanta da kanta, in samu in koma kan littafina.

Ga yadda tafiyar ta samo asali. Ina aikin sanin makama a wani ƙaramin kamfani a Kaduna, wanda ke haɗa makarantu da asibitocin ƙauye na kudancin jihar da hanyar sadarwa. Mai kamfanin, Oga Sani, haifaffen Kafanchan ne, iyaye da kakanni duk 'yan kasuwar garin. Akwai wata makarantar sakandare a Nok da ba ta da malamin lissafi. Sai aka shirya cewa Malam Yohanna, wanda ke koyarwa a Fadan Kaje, ya riƙa koyar da aji biyu a lokaci guda, nasa a gabansa, na Nok ta majigi. Shirin ya yi kyau a baki, amma muryar malamin a gutsure take isa Nok, hotonsa kuma ya daskare. Kamfani ya kafa sabuwar hanya mai ƙarfi, abin bai canja ba. Shugabar makarantar, Madam Saratu, ta aiko cewa in darasin ranar Asabar bai yiwu ba, a zo a kwashe kayan, ta gaji da ɓata wa yara lokaci. In aka kwashe kuwa, 'yan ajin ƙarshe za su shiga jarrabawar fita ba malamin lissafi ko na majigi.

Oga Sani ya yi zaton rautar Nok ce ta lalace. Rauta ita ce 'yar na'urar da ke zaɓar wa saƙo hanyar da zai bi. Ya sa sabuwa a kwali, ya duba ofis, kowa na da aiki sai ni. Ya ce, "Hauwa, kin taɓa zuwa Kafanchan?" Na ce a'a. Ya ce, "To gobe kin je."

Ranar Alhamis da safe na shiga bas. Mun ɗan jima a Mararaban Rido direba na neman cikon fasinja, masu talla suka rufe tagogi da mangwaro da dafaffen ƙwai da biredi. Na rungume kwalina a cinya, na ƙi yarda a sa shi a but ɗin mota. Da mota ta cika, kafin direba ya tayar, wata dattijuwa da ke gefena ta ɗaga hannu ta ce a yi addu'a. Ta roƙa mana tsari daga hatsari da miyagun mutane, ta roƙa wa direba hankali, har tayoyin mota sai da ta ambata, ta rufe da sunan Yesu, mota ta ɗauki amin. Sai ta taɓa ni da gwiwar hannu ta ce, "Kai ma yi naka, a haɗa." Na karanta addu'ar tafiya a hankali. Ta ce, "Yawwa, yanzu ya cika." Daga nan har Kachia ba ta daina tura mini gyaɗa a hannu ba.

Wannan "kai" ɗin da farko na ɗauka ba da ni take ba, har na waiga. Daga baya na gane mutane da yawa a can haka suke kiran mace da namiji, Hausar ta zo musu ne bayan harshen gida. Kafin yamma na saba.

A wani shingen bincike bayan Kasuwan Magani, jami'in tsaro ya leƙo ya nuna kwalin ya ce mene ne. Na ce rauta ce, amma ko ni ban ji muryata ba. Ya ce, "Me?" Tsoro ya sa na buɗe baki na zubo masa ma'anar rauta kamar yadda take a littafi, tun daga farko har ƙarshe, ban tsallake kalma ba. Ya dube ni ya ce, "Wato abin netwok ne?" Na ce e. Ya ce, "To in kin gama can ki dawo ki gyara mana na nan, sai mun hau tudun can muke kiran gida." Aka yi ta dariya har muka wuce, ni kuwa na ɓoye fuska a bayan kwali.

A tashar Kafanchan Obinna ne ya tare ni, ma'aikacin kamfanin da ke kula da ƙarafunan yankin. Dogo ne, mai yawan magana, kakansa ya zo garin aikin jirgin ƙasa, shi da mahaifinsa duk a nan aka haife su. Hausarsa ta fi tawa gudu. Ya karɓi kwalin ya ce, "Ke ce injiniyar da Oga ya turo? Na ɗauka za a turo mai gemu." Tun daga lokacin ya laƙaba mini Injiniya.

Gidansu aka sauke ni, a tsofaffin gidajen ma'aikatan jirgi. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Mama Obinna, kafin in ajiye jaka ta ja ni kicin ta nuna mini tukunya sabuwa fil, takardar kanti ma ba a ɓare ba. Ta ce, "'Yata, ga tukunyarki. Naman kuma wajen mahaucinku na saya, ki ci hankali kwance." Ta kai ni ɗaki, ta ciro darduma daga saman kabad, ta nuna mini gabas. Ta ce ba ni ce ta farko ba, maƙwabtansu na da can da yawa Musulmi ne. Na yi ta maimaita na gode.

Abincin yamma faten acca ne da yakuwa da gyaɗa, an zuba citta har sai da hancina ya yi ruwa. A gidanmu a Funtua maza daban, mata daban, kuma ba a cika surutu a kan abinci ba. A nan kowa a tebur ɗaya, ana ci ana gardamar ƙwallo, kuma in baƙo ya yi shiru sai a ɗauka abincin ne bai yi masa ba. Da na lura duk shirun da na yi ƙarin ludayi ne, dole na koyi cewa wani abu.

Washegari muka kama hanyar Nok. Bas ya kai mu Kwoi, daga nan sai babur. An yi ruwa da asuba, ko'ina kore. Gonakin citta an lulluɓe su da ciyawa, da na tambaya ɗan acaɓan ya ce don kada rana ta ƙone irin kafin ya tsiro. A wani kwari babur ɗinmu ya zame, muka sauka a hankali cikin taɓo, ni da shi. Na tashi da takalmi ɗaya, sai da ya sa sanda ya tono ɗayan. Waɗanda suka ce in ɗauko musu hoton gumakan yumɓun Nok, ku yi haƙuri, yumɓun da na gani shi ne wanda na kwaso a siket.

Madam Saratu gajeriya ce, da tabarau a rataye a wuya, ba ta da wasa a fuska amma tana da shi a baki. Ta kalli Obinna ta ce, "Ka sake zuwa hawan ƙarfe? Yara sun fara cewa kai ne sabon malamin motsa jiki." Ta kalle ni da taɓona ta sa aka kawo mini ruwa da zani. Sannan ta ce, "Ba faɗa nake yi ba. Amma yaran nan suna zama awa guda suna kallon mutum baki buɗe ba ya motsi. Gara su yi shara."

Muka cire tsohuwar rauta muka sa sabuwa, Obinna ya zuba mata saitin waccan. Ya kira Malam Yohanna ya ce ya tsaya gaban kyamara ya yi magana. Muryar ta zo a gutsure kamar da. Obinna ya zauna a benci ya riƙe kai. Ya ce ya hau ƙarfen nan har ya gaji, ya daidaita farantin kama sabis, ya canja waya, yanzu ga sabuwar rauta, me kuma ya rage?

Ni dai aikina kawo kwali ne, kuma na kawo. Amma akwai abin da ke cina. Na daɗe ina juya maganar kafin na ce, "Oga Obinna, ko zan iya ganin laftof ɗin?" Ya turo mini ba tare da ya ɗago ba. Na ba da umarnin da ke nuna duk tashar da saƙo ya ratsa daga Nok zuwa makarantar Fadan Kaje. Sunaye suka fito a jere, kuma babu Kafanchan a ciki. Saƙon yana bin tsohuwar hanya ne, wasu tsofaffin ƙarafuna masu rauni da ke tsallakawa daga ƙauye zuwa ƙauye. Sabuwar hanyar, wadda ta haɗa babbar rautar Kafanchan da babbar rautar tudun Fadan Kaje, ko kallonta ba ya yi.

A nan sai na ɗan yi bayani, don 'yan ɗakinmu ba duka ke karatun kwamfuta ba. Rautocin kamfanin suna aiki da wata ƙa'ida da ake kira OSPF. Kowace rauta tana sanar da sauran su wane ne maƙwabtanta, da tsadar hanyar da ke tsakaninsu. Tsadar nan ba ta kuɗi ba ce, lamba ce kawai, hanya mai ƙarfi lambarta ƙarama, mai rauni lambarta babba. Daga waɗannan sanarwa kowace rauta take zana taswira iri ɗaya, ta lissafa hanyar da jimlarta ta fi araha. Amma in rautoci suka yi yawa taswirar tana nauyi, sai a raba su yanki-yanki. Rauta ta san kowane lungu na yankinta. Abin da ke wajen yankin kuwa ba ta ganinsa, sai dai rautocin bakin iyaka su gaya mata a taƙaice: wuri kaza, ta wajena, tsadarsa kaza. Akwai kuma yankin tsakiya mai lamba sifili, duk saƙon da zai fita daga wani yanki zuwa wani sai ya ratsa ta cikinsa.

Obinna ya kalli jerin sunayen ya ce, "Ba zai yiwu ba. Na rage tsadar sabuwar hanyar har ta koma ɗaya. Tsohuwar kuma na lafta mata lamba."

Na ce, "Sabuwar a wane yanki take?"

Ya ce, "Sifili mana."

"Makarantun biyu fa?"

"Duk yanki na ɗaya. Oga ya ce makarantu wuri guda, asibitoci wuri guda."

Wannan shafin na san shi a littafina. Na ce masa, a ƙa'idar, in wurin da rauta za ta aika saƙo yana cikin yankinta, kuma akwai hanyar cikin gida da ke kaiwa, to ita za ta bi, komai tsadarta. Ba ta ma ɗora ta a sikeli ɗaya da hanyar da ta fita waje. Sai ta gama duba nau'in hanya sannan take duba tsada. Tunda Nok da Fadan Kaje yanki ɗaya ne, tsohuwar hanya ta cikin gida ce, sabuwar kuwa ta waje.

Obinna ya daki goshinsa ya ce, "Chineke! Na karanta wannan, wallahi na karanta. Ni ina can sama ina faɗa da faranti."

Madam Saratu, wadda ke tsaye a ƙofa tana ji, ta ce, "Tsaya. Kana nufin ga titi mai kwalta, amma abin nan ya nace sai hanyar gona, don ita ce ta gidansu?" Na ce kusan haka ne. Ta ce, "Ashe mijina ne aka sa a kwali."

Maganin da na gani shi ne a cire makarantar Fadan Kaje daga yanki na ɗaya, a ba ta nata yankin. In aka yi haka, rautar Nok za ta daina ganinta a taswirar gida, sai ta saurari masu tsaron iyaka guda biyu. Ta Kafanchan za ta ce ta wajena kaza ne, ta tudun Fadan Kaje ma ta faɗi nata. Rautar Nok ta haɗa kowane da tsadar isa wurin mai maganar. Isa tudun ta tsohuwar hanya da tsada, isa Kafanchan da araha, don haka Kafanchan za ta ci, saƙo ya hau sabuwar hanya. Tsohuwar kuma tana nan a ajiye, ranar da sabuwar ta yanke a koma mata.

Obinna ya ce ya yarda, amma ba a taɓa tsarin yankuna sai da izinin Oga. Ya kira lambar, ya miƙo mini wayar. Na girgiza kai. Ya ce, "Injiniya, ke kika gani, ke za ki faɗa. Ni in na faɗa zai ce uzuri nake nema." Madam Saratu ta ce, "Yi magana, yarinya, ba ya cizo ta waya."

Na gaishe da Oga Sani, na sake gaishe shi, na tambayi mutanen ofis ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Hauwa, lafiya dai?" Sai na rufe ido na faɗa masa cewa rautar ba ta lalace ba, rabon yankunan ne. Ya ce in maimaita a hankali. Na maimaita. Sai ya yi dariya, ya ce ranar da aka zauna da shugabannin makarantu ya zana musu tsarin a allo, wani ya tashi ya ce kada a ware kowa, duk makarantu a sa su a da'ira ɗaya, aka yi tafi. Ya ce, "Kin san garinmu, kalmar warewa ba ta da daɗin ji. Na ga ba abin da zai ɓaci, na bar shi. Ku je ku canja."

Na ce wa Obinna ai daga nan ma za mu iya shiga rautocin can mu canja. Ya ce a'a. Makarantar tana da 'yar rautarta, tudun yana da tasa, dole bakin biyu su faɗi lambar yanki ɗaya kafin su gaisa. In ka canja ɗaya daga nesa, ka rufe wa kanka ƙofa. Ya ce shi dokarsa, ba ya taɓa saitin na'urar da hannunsa ba zai kai gare ta ba kafin rana ta faɗi. Wannan babu shi a littafina.

Muka koma Kafanchan muka kwana, da sassafe ranar Asabar muka bi hanyar Zonkwa zuwa Fadan Kaje. Obinna ya haura tudu, ya bar ni a makaranta da laftof da Malam Yohanna, wani siririn mutum mai alli a aljihu, har gashin girarsa duk alli, wanda ya gaishe ni da hannu biyu kamar wata babba. Matarsa ta aiko mini da kunun gyaɗa da ƙosai, na kasa ci. Ɗalibansa sun cika aji, a allon gefe kuma ga yaran Nok a daskare, Madam Saratu a bayansu ta harɗe hannu.

Obinna ya kira ya ce ya canja nasa. Nan take hoton Nok ya ɗauke gaba ɗaya, allo ya yi baƙi. Na san haka za a yi. Na rubuta layin da zai canja yankin rautar makarantar, na karanta shi sau biyu, na danna. Ba abin da ya faru. Malam Yohanna ya ce, "Sista, lafiya?" Na ce rautocin suna gaisawa ne, sai sun gama musayar taswira. Ya ce, "To, a bar su su gaisa, mu ma ba ma son a katse mu."

Sai allon ya kawo. Wata yarinya a layin gaba a Nok tana sosa kunne, kuma hannunta na tafiya sumul. Na sake ba da umarnin bin sawu, sunan Kafanchan ya fito a layi na biyu.

Malam Yohanna ya gyara murya ya ce, "Nok, kuna ji na?" Kafin ya rufe baki suka amsa gaba ɗaya, har lasifika ta yi ƙara. Ya juya ga allo ya rubuta tambaya, ya ce wa zai gwada. Yarinyar nan mai sosa kunne ta ɗaga hannu, ta faɗi amsa, ba daidai ba. Ya ce ta sake duba layi na biyu. Ta duba, ta ce, "Au!" ta gyara. Ban taɓa jin daɗin kuskuren wani kamar na ranar ba, don ya ji shi, ita ma ta ji gyaran.

Na zauna a bencin baya har aka gama darasin, na shanye kununa da ya huce. Da lokaci ya cika, Malam Yohanna ya ce tunda an yi asarar makonni, kowa zai yi shafi uku na aikin gida kafin Litinin, kuma za a ƙara darasi ranar Laraba da yamma. Wani gunaguni ya taso daga Nok, ya iso Fadan Kaje tas, ba gutsure ko ɗaya. Daga can baya wani yaro ya ce, "Wai wa ya gyara abin nan ne?"

Madam Saratu ta matso har fuskarta ta cika allon, ta sa tabarau ta ce, "Yohanna, ka mai da shi shafi huɗu. Ka kuma gaya wa Sani ya bar kayansa inda suke."